Daga Motar Kara Zuwa Borno Express: Wa Zai Adana Mana Tarihin Motocinmu?

A yau ina so ne mu ɗan taɓa wani batu wanda na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce wasan yara ne, wato maganar ƙananan motocin nan na ƙarfe da ake ƙerawa da siffar motocin gaske, musamman bas-bas na haya. Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ya san akwai dattawa masu furfura, wasu har da jikoki, da ke kashe kuɗinsu wajen sayen irin waɗannan motoci, su jera su a kabad mai gilashi kamar yadda iyayenmu mata ke jeren kwalla da tasa a ɗakin amarya. Ba sa barin yaro ya taɓa. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna kuma da ranakun kasuwa inda ake haɗuwa a yi ciniki da musaya.

Na sha ganin wannan a shekarun da na yi a can, kuma tun da na dawo na zauna a Maiduguri nake ta juya abin a raina. Abin da na fahimta shi ne, waɗannan mutane tarihin garuruwansu suke tarawa. Kowace 'yar mota tana ɗauke da fentin wani kamfani, da lambar wata mota da ta taɓa yin aiki a zahiri, da sunan garin da take zuwa a wata shekara. Mu kuwa a nan Yerwa, garin da kusan duk abin da muke ci da sha a kan taya yake shigowa, motocin da suka yi mana hidima shekara da shekaru a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, babu hoto, babu rubutu. Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Wani Tsibiri Da Bas-bas Ɗinsa

Domin mai karatu ya gane inda na dosa, bari in ba da misali da wani ɗan tsibiri da ke kudu da gaɓar Ingila, wanda ake kira tsibirin Wight. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 380 ba, mutanensa kuma wajen 140,000 ne, wato ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Maiduguri ba. Kamfanin da ke jigilar jama'a a tsibirin sunansa Southern Vectis. Kalmar Vectis ita ce sunan da Rumawa suka ba tsibirin a zamanin da suka mulki Birtaniya.

Wasu 'yan uwa ne 'yan gidan Dodson suka fara harkar bas ɗin a farkon shekarun 1920. A 1929 kamfanin jirgin ƙasa na Southern Railway ya sa hannun jari, daga nan aka haɗa sunayen biyu. A 1948 gwamnatin Birtaniya ta karɓe jiragen ƙasa, kamfanin ya koma ƙarƙashin hukuma. A 1969 aka sa shi cikin babban kamfanin bas na ƙasa. A 1986, zamanin Margaret Thatcher, aka sayar da shi ga manajojinsa, sannan a 2005 kamfanin Go-Ahead ya saye shi. Kusan kowane sauyin hannu ya zo da sabon fenti da sabon tambari, kodayake launin kore ne aka fi sanin motocin da shi.

To, duk waɗannan matakai ana iya ganin su a jere a kan kanta ɗaya, domin masu ƙera ƙananan motoci sun fitar da bas-bas ɗin kamfanin na zamani daban-daban. Mutum zai nuna maka guda ɗaya ya ce irin wannan ce yake shiga zuwa makaranta, ya nuna wata mai buɗaɗɗen sama ya ce wannan ce ke kai masu yawon buɗe ido bakin teku. Ban da ƙananan, sun adana manyan ma. Akwai wata bas mai bene ƙirar Bristol da aka ƙera a 1939, mai lamba CDL 899, wadda suke kira Tsohuwa da harshensu, ba a bari ta je hannun masu yanka ƙarfe ba. A garin Ryde kuma akwai gidan tarihi sukutum na tsofaffin bas-bas ɗin tsibirin, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi.

Yadda Abin Ya Samo Asali

Asalin waɗannan motoci kayan wasan yara ne. A 1934 kamfanin Meccano na Frank Hornby da ke Liverpool ya fara sayar da su da sunan Dinky Toys. A 1953 kamfanin Lesney na Landan ya fito da Matchbox, waɗanda ake sawa a ɗan kwali kamar na ashana. A 1956 kuma Corgi ya ɓullo daga garin Swansea, ya yi fice da sa wa motocinsa tagogi na roba mai kama da gilashi. Yadda ake yin su bai yi nisa da aikin maƙeranmu masu zubin tukwanen alminiyam ba. Ana narkar da tutiya gauraye da alminiyam da ɗan jan ƙarfe, a tura ta da ƙarfi cikin mazubi na baƙin ƙarfe, in ta huce a fitar, a goge, a yi fenti.

Daga baya kasuwar yara ta karye. Masana'antar Dinky ta rufe a 1979, Lesney ya durƙushe a 1982, aikin ƙira ya koma Gabas Mai Nisa, akasari ƙasar Sin. Amma a daidai wannan lokaci yaran da suka yi wasa da motocin a shekarun 1950 sun girma, sun samu abin hannu, suna begen yarintarsu. Sai kasuwar ta juya ta koma ta manya. A 1989 wani kamfani mai suna Exclusive First Editions ya fara ƙera bas-bas musamman domin masu tarawa, Corgi ma ya bi sahu a 1994. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne 1:76, ma'ana duk abin da ya kai santimita 76 a jikin motar gaske zai zama santimita ɗaya a jikin ƙaramar. Ke nan bas mai tsawon mita 10 za ta dawo santimita 13 da 'yar ɗoriya, daidai tafin hannu. An zaɓi wannan ma'auni ne domin ya dace da na ƙananan jiragen ƙasa da Turawan Ingila suka daɗe suna tarawa.

Abin lura a nan shi ne, babban mutum ba ya sayen mota don kawai ta yi kyau. Yana so ta yi daidai da wadda ya sani. In aka sa tambarin 1975 a jikin fentin 1965, nan take za su gane, su yi ta rubuce-rubuce a mujallunsu. Saboda haka kafin a ƙera guda ɗaya sai an nemo zanen injiniyoyi, da tsofaffin hotuna, da jerin lambobin motocin kamfani, da jadawalin tafiye-tafiye. Waɗannan takardu kuwa suna nan, domin tun motocin na kan hanya akwai masu tsayawa a tasha da kyamara da ɗan littafi suna rubuta lamba da kwanan wata. Mutane na yi musu dariya a lokacin. Yau abin da suka tara shi masu bincike ke dogaro da shi.

Motocin Yerwa

Yanzu mu dawo gida. Idan ana maganar garin da tarihinsa ke ɗaure da mota, Maiduguri ta fi tsibirin Wight abin faɗa nesa ba kusa ba. A 1907 ne Turawa suka kafa sansaninsu a nan, Shehu Abubakar Garbai kuma ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa. A lokacin raƙumi da jaki da takarkari ne ke ɗaukar kaya. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma Maiduguri sai da ta jira fiye da shekara hamsin. A tsawon wannan lokaci babbar mota ce ta riƙe ƙasar. Ita ke kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro zuwa tashar jirgi a Kano ko Jos ko Nguru, ta dawo da gishiri da atamfa da kananzir da goro.

Waɗannan motoci, irin su Bedford da Austin, kai da ƙashin mota kawai ake shigowa da su daga Ingila. Kafintocinmu ne ke gina musu bodin katako, masu fenti su zana musu zaki ko dawisu ko dabino, su rubuta karin magana a goshi da baya. Don haka babu biyu da suka yi kama ɗaya. Mai hali ya biya kuɗin gidan gaba ya zauna kusa da direba, sauran jama'a kuwa su hau kan kaya ko su jeru a kan katako, yaron mota na maƙale a baya da wejinsa a hannu saboda gangara.

Har ila yau ta Maiduguri hanyar Makka ta bi. Daga ƙarshen shekarun 1940, wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, sun shirya jigilar maniyyata da motoci ta ƙasar Borno zuwa Fort Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, daga nan a ratsa Abeche a shiga Sudan. Tafiyar da a da kan ci shekaru a ƙafa ta dawo ta watanni. Da damina kuwa, baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da ake kira firgi ta kan riƙe mota kwana da kwanaki. Da yawa daga cikin kakanninmu a irin waɗannan motoci suka tafi sauke farali, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har yau. Wa zai iya nuna mana yadda ko ɗaya daga cikin motocin nan take?

A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, domin aikin jirgin ƙasa, kuma da shi aka ja layin dogo daga Kuru kusa da Jos, ta Bauchi da Gombe, har ya iso Maiduguri a 1964. Sai dai jirgin bai ture mota ba. A 1967 garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, ma'aikata suka yi ta kwararowa, aka yi ta shimfiɗa kwalta. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Wannan sauyi ya fi yi wa Borno amfani fiye da yawancin jihohi, domin maƙwabtanmu uku, Chadi da Nijar da Kamaru, duk a dama suke tuƙi. Daga ranar sitiyari ya fara ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan, ƙofar fasinja ma haka. Mai tara ƙananan motoci da kallo ɗaya zai gaya maka ko mota ta kafin 1972 ce ko ta bayanta.

Shekarun arzikin man fetur sun zo da nasu motocin. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, Fijo 504 doguwa mai layi uku na kujeru ta zama sarauniyar hanyar Kano, tafiyar kusan kilomita 600 ta Damaturu da Potiskum. Akori-kura ta kama hanyoyin ƙauye. Marsandi 911, wadda muke kira roka, ta gaji Bedford wajen ɗaukar bandar kifi daga Baga da shanu daga kan iyaka zuwa kudu. Aka kafa masana'antar Steyr a Bauchi, da ta Fiat a Kano, da ta Marsandi a Enugu. Kowace hanya ta samu tasharta a cikin gari: Tashan Kano, Tashan Bama, Tashan Baga, Muna Gareji. Mutum ya ji sunan tasha, ya san irin motar da zai tarar, da irin yaren da zai ji, da irin kayan da ake lodi.

Sai ga matsin tattalin arziki. A 1986, shekarar da Turawan Ingila ke sayar da kamfanonin bas na gwamnati ga 'yan kasuwa, gwamnatin Janar Babangida ta fara shirin SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari masu haya. Abin ya kai ga a 1988 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin jigilar jama'a, wato mu muka bi kishiyar hanyar da su suka bi, gwamnati ta shiga harkar bas da ƙarfinta. Sannu a hankali kusan kowace jiha ta samu kamfaninta: Kano Line, Yankari Express na Bauchi, Benue Links, Plateau Riders, daga baya Yobe Line da Gombe Line bayan an ƙirƙiri jihohinsu a 1991 da 1996. Namu shi ne Borno Express.

Idan akwai abin da ya yi kama da Southern Vectis a wajenmu, to Borno Express ne. Kamfani ne na yanki ɗaya, mai ɗauke da sunan ƙasarsa a jikinsa, wanda kusan kowane gida a jihar yana da labari a kansa. Shi ya saba wa mutane da yankar tikiti da rubuta suna kafin a tashi, maimakon ja-in-ja da 'yan kamasho. Ɗaliban Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, sun san shi ranar komawa hutu. 'Yan hidimar ƙasa daga kudu da shi da yawansu suka fara ganin Borno. Ɗan Borno da ke zaune a Kaduna ko Abuja kuwa, in ya hango motar a tasha, ji yake kamar ya ga ɗan uwa. Irin motocin sun yi ta sauyawa, daga manyan bas-bas zuwa J5, zuwa Hiace, zuwa Homa. Amma a duk yawon da na yi a shagunan kayan wasa, a gida da waje, ban taɓa cin karo da ƙaramar mota mai ɗauke da wannan suna ba.

Shekarun rikici kuma sun sake fasalin titunan garin baki ɗaya. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, acaɓa ya ɓace cikin 'yan kwanaki, Keke Napep ya maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya daina zuwa. Akwai lokacin da hanyoyin Bama da Dikwa da Baga da Damboa duk suka rufe, hanyar Damaturu kaɗai ta rage, garin ya koma tamkar tsibiri a tsakiyar tudu, sai daga 2016 aka fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Direbobi da yaran mota da dama sun rasa rayukansu a kan waɗannan hanyoyi. A watan Fabrairun 2020 an kashe aƙalla mutum 30 a Auno, matafiya ne da dare ya riske su a bakin hanya, aka ƙone motocinsu. Allah Ya jiƙansu. Duk da haka direbobi ba su daina fita ba, kuma da sun daina, da garin ya kwana da yunwa.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wani sabon babi ya buɗe. A watan Disamba na shekarar Shugaba Tinubu ya zo Maiduguri ya ƙaddamar da bas-bas da tasi 107 masu aiki da lantarki da iskar gas, waɗanda gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta samar. Kafin nan ma wani matashi ɗan garin, Mustapha Gajibo, ya yi suna har a kafofin labarai na duniya wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma na lantarki. Ka ga ke nan daga raƙumi zuwa batir cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Maƙeranmu Na Bakin Ƙofa

Kada mai karatu ya ɗauka ba mu taɓa samun masu ƙera ƙananan motoci ba. Muna da su, kuma gwanaye ne, sai dai shekarunsu ba su wuce goma sha biyu ba. Duk wanda ya tashi a Arewa kafin cikar kasuwa da kayan roba ya san motar kara, da motar gwangwani, da motar langa-langa. Bayan girbi yaro zai samo karan dawa, ya feƙe ɓawon ya zama kamar ƙusa, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya harhaɗa mota ba tare da gam ko guduma ba. Wanda ya ɗan tasa kuma ya nemo gwangwanin madara ko na Bournvita, ya buɗe shi ya daddale, ya lanƙwasa bodi. Taya daga tsohon silifa ake yanko ta, fitila daga murfin kwalba, sitiyari kuwa doguwar waya ce da ke zuwa har ƙugun direba, yana tafe yana kukan inji da bakinsa.

Abin da ya fi burge ni idan na tuna shi ne yadda yaran ke kula da ƙananan abubuwa, kamar dai dattawan can na Ingila. Ba a yin mota haka kawai, sai a ce wannan roka ce, waccan tirela ce, waccan tankar mai ce. In ka yi roka ba ka fito da zagayayyen hancinta ba, abokai za su yi maka dariya. Ana sa tsani a gefe, da safaya taya a ƙasa, da robar tare laka a baya. Wasu har sifirin suke sa wa, su ɗora mata ƙasa su ga yadda za ta lotsa. Yaron da gidansu ke kusa da tasha ya fi kowa iyawa, domin kullum yana ganin abin da idonsa. Babu wanda ya koya musu ma'aunin 1:76, amma da ido suke gane in taya ta yi wa bodi girma.

Matsalar ita ce, motar kara ba ta kai wa damina. In ta tsira daga akuya, gara za ta cinye ta. Ta gwangwani ta yi tsatsa, uwa ta share ta da shara saboda kada ta yanki wani. Babu wanda ya taɓa tunanin ajiye ta, domin a wajenmu wasa abu ne da ake bari a baya idan an girma. Da ƙananan motocin roba masu araha suka cika kasuwa daga ƙasar Sin, sana'ar ta ja baya sosai a birni, ko da yake a ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira har yanzu ana ganin yara na jan kayansu. Yaron birni na yau yana wasa ne da motar 'yan sandan Amurka da jar bas ɗin Landan, motocin da bai taɓa gani a titinsu ba.

Darasi Daga Malta Da Dakar

Wani zai ce ai Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa suke da lokacin irin wannan. To, ga misalai biyu da suka fi kusa da halinmu. Tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum, wanda shi ma Ingila ta mulka har zuwa 1964, ya daɗe yana amfani da tsofaffin bas-bas da aka gina bodinsu a gida a kan ƙashin manyan motoci, da yawansu Bedford, irin dai namu. Direba shi ne mai motar, shi ke yi mata ado da zane da rubutu. Kafin 1973 kowace hanya da launinta, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane motar garinsu. A watan Yulin 2011, watan da aka hana acaɓa a Maiduguri, aka sauke su daga hanya gaba ɗaya aka kawo sababbi. Amma hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta karɓi wasu ta ajiye, kuma ƙananan bas-bas masu ruwan ɗorawa sun zama tsarabar da baƙo ke saya kafin ya bar ƙasar.

Na biyu shi ne birnin Dakar na Senegal, mai ƙananan bas-bas masu launin shuɗi da ɗorawa, cike da zane-zane. Lokacin da aka sake buɗe gidan tarihin Musée de l'Homme na birnin Paris a 2015, ɗaya daga cikinsu na tsaye a zaurensa, an yi mata fenti a Senegal aka kai ta can. Masu sana'ar hannu a Dakar na ƙera ƙananansu da gwangwani suna sayarwa, haka ma a Madagaska. Wato abin da yaranmu ke yi a bakin ƙofa, wasu sun mayar da shi abin neman abinci, kuma a lokaci guda suna adana kamannin motocinsu.

Abin Da Ya Rage Mana

Dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne, shi ne abin da ya faru a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da kasuwar Monday Market da wajen fadar Shehu da sauran unguwanni, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Ban da rayuka da dukiya, gidaje da yawa sun rasa akwatunan takardu da kundin hotuna. A irin waɗannan akwatuna ne ake samun hoton baba yana tsaye jikin rokarsa, ko tsohon lasin, ko tikitin tafiya. Tsofaffin direbobi da makanikai da kafintocin bodi, waɗanda ke riƙe da labarin a ka, su ma kullum raguwa suke yi. Tsofaffin motocin kuma da ke yashe a bayan gareji, kilo-kilo ake sayar da su.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Yau kusan kowa na da kyamara a aljihunsa. Duk wanda ya ga tsohuwar mota, ya nemi izinin mai ita ya ɗauke ta gaba da baya da gefe biyu, ya rubuta lambarta da wurin da ranar. Wanda ke da tsohon hoto a gida, musamman mai nuna lambar nan ta da mai farawa da BO, ya sake ɗaukarsa da waya ya tura wa 'yan uwa, don kada ya zama kwafi ɗaya tak a duniya. Ɗaliban tarihi a jami'a, maimakon maimaita batutuwan da aka gaji da su, su je tasha su zauna da dattawan ƙungiyar direbobi da na'urar ɗaukar magana. Kamfanonin sufuri na jihohi, in za su yi gwanjon tsofaffin motoci, su ware ko guda ɗaya daga kowane zubi su ajiye. Mota ɗaya ba za ta talauta jiha ba.

Sannan ga masu sana'ar gwangwani da ke yi mana asusu da murhu da mazurari. Wanda ya iya waɗannan, in aka ba shi hoto da awo, zai iya fitar da roka ko Fijo ko bas ɗin Borno Express mai kyan gani. 'Yan uwanmu mazauna Turai da Amurka da Saudiyya, waɗanda kullum ke neman tsarabar da za su nuna wa 'ya'yansu gida, su ne kasuwar farko. Makarantun firamare ma za su iya sa gasar motar kara sau ɗaya a shekara bayan girbi, a ajiye waɗanda suka yi fice a gidan tarihi tare da sunan yaron da shekarar.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni a wannan batu gani nake wanda bai ajiye bara ba, ba shi da abin da zai auna bana da shi. Bas-bas masu lantarki da ke yawo a titunanmu yanzu, nan da shekara talatin su ma tsofaffi ne, jikokinmu za su tambaya yaya suke. In mai karatu na da dattijo a gida wanda ya taɓa riƙe sitiyari a hanyar Fort Lamy ko ta Baga, don Allah ya zauna da shi a wannan makon, ya tambaye shi sunan motarsa, da launinta, da abin da aka rubuta a goshinta.